Darasi na Bakwai: Watan Farko da Sabon Injin Sassaƙar Ƙarfe

Maƙeri dukan ƙarfe yake yi har ya bi shi, mai magagari kuma gugarsa yake yi har ya ragu. A injin sassaƙar ƙarfe kuwa, ƙarfen ne ke juyawa, wuƙa tana ɗaure a gefe tana fere shi kamar yadda ake fere rake. A hagun mai aiki akwai kan injin, inda mota ke juya mazari, a bakin mazarin kuma akwai mariƙi mai haƙora uku ko huɗu da ke damƙe ƙarfen. Daga nan gadon injin ya miƙe zuwa dama, sirdi yana zamewa a kansa ɗauke da wuƙa, can ƙarshe kuma ga matokari wanda ke tallafe wutsiyar dogon ƙarfe. Wanda ya sayi ƙaramin irin wannan inji don sha'awa, ya ajiye a gareji ko a wani ɗaki a bayan gida, ba abin da ransa ke so a ranar farko kamar ya jona wuta ya ga ɓarɓashi na tashi. Wannan darasi yana neman ya dakatar da shi. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, sabon inji bai gama haɗuwa ba ranar da aka buɗe akwatinsa, mai shi ne zai ƙarasa haɗa shi, don haka watan farko na zaunar da inji ne da koyon awo da horar da hannu. Ƙera kaya yana nan tafe a bayansu.

Dalilin yana cikin yadda injin ke aiki. Wuƙa ba ta da ido, hanyar da sirdi ya bi ita take bi, sirdi kuma gado yake bi. In gadon ya murɗe, murɗewar za ta fito a jikin kowane abu da aka sassaƙa, yau da gobe da jibi, ba tare da injin ya canza kuka ko ya nuna wata alama ba. Waɗanda suka kafa wannan sana'a sun fahimci haka tun farko. Henry Maudslay, wanda ya kyautata injin yanka zaren noti a Landan wajen shekarar 1800, bai tsaya ga injin kaɗai ba. Ya ƙera wani ma'auni mai iya rarrabe kashi ɗaya cikin 10,000 na inci, ya raɗa masa sunan babban alƙalin alƙalan Ingila, domin duk gardamar da ta tashi a masana'antarsa a kan girman wani abu, wurin wannan ma'auni ake kai ƙara. Joseph Whitworth, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya yi suna ne a kan shimfiɗaɗɗen faranti marar tudu marar kwari, kafin a 1841 ya fito da tsarin zaren noti na bai-ɗaya da ake kira da sunansa. Mutanen nan ba su da lantarki, ba su da ƙarfen wuƙa irin na yau, amma sun fitar da aikin da ya shiga juna daram, saboda sun sa daidaito da awo a gaban gudu. Ƙaramin injin da ke kan teburinku jikan nasu ne, kuma sharaɗin da ya hau kansu ya hau kanku.

Aikin yana farawa da tsumma da kananzir. Sabon inji yana zuwa shafe da wani mai mai danƙo wanda aka sa don kada tsatsa ta kama shi a cikin jirgin ruwa. Ba man aiki ba ne, kuma a cikinsa sau da yawa akwai ƙurar washi da burbushin yashin zubi da suka rage daga masana'anta, musamman a ƙananan injunan nan masu araha da ake kawowa daga Sin. Wanda ya tura sirdi a kan wannan ya goga wa gadon injinsa yashi da hannunsa. A wanke shi tas, a shafa mai mai tsabta, a matse siraran ƙarafan da ke gefen sirdi da ƙananan sukurorinsu har sirdin ya daina girgiza amma bai cije ba. Sannan a zo kan tebur, wanda shi ne abin da masu farawa suka fi rainawa. Ƙarfen zubi yana da nauyi, ido kuma yana ganinsa kamar dutse, amma yana lanƙwasa. In aka ɗaure ƙafafun inji a kan teburin da kusurwarsa ɗaya ta ɗan yi ƙasa, notin da aka ɗaure zai ja gadon ya murɗe shi. Hanyar gane haka ita ce gwajin yanka. A damƙe sandar alminiyam mai kaurin milimita 30, a bar kamar milimita 100 a waje ba tare da matokari ba, a bi ta da wuƙa mai kaifi a yanka ɗan kaɗan ƙwarai, sannan a auna kusa da mariƙi, a auna can baki. In bakin ya fi kauri, a cusa ɗan siririn ƙarfe, ko da yankin gwangwani ne, ƙarƙashin ƙafar gaba ta ɓangaren matokari. In ya fi siranta, a cusa a ƙafar baya. A sake yanka, a sake awo, har lambobin biyu su yi kusa da haɗuwa. Yini guda kan iya tafiya a nan, kuma a ganina babu yinin da ya fi shi riba a rayuwar injin.

Wani zai ce ai masana'anta ta gwada injin kafin ta sallame shi, wataƙila ma ga takardar gwaji a cikin akwati, to me ya sa ɗan koyo zai taɓa abin da ƙwararru suka daidaita? Tambayar tana da ƙarfi ta fuska ɗaya, domin gaskiya ne ɗan koyo mai karambani kan kwance abin da ba shi da laifi ya kasa mayarwa. Shi ya sa ban ce a kwance kan injin ko a taɓa boris ɗin mazari ba. Amma gwajin masana'anta a kan teburin masana'anta aka yi shi. Bayan nan injin ya hau jirgi, ya sauka a tashar ruwa, ya sha gargada a bayan tirela, an ɗaga shi an dire. Matokari musamman ba ya cika isowa a kan saiti, kuskurensa kuma ninkuwa yake yi: in ya kauce da milimita 0.1, wato kaurin takardar rubutu guda, bambancin kauri tsakanin ƙarshen sanda biyu zai zama 0.2. Duba shi ba wuya. A sa tsini a mazari, a sa tsini a matokari, a kawo su baki da baki da reza a tsakani. In rezar ta tsaya cak, sun haɗu, in ta karkace, ta nuna inda za a gyara. Awo ba ya ɓata komai, abin da ke ɓatawa shi ne kwancewa kafin awo.

Daga inji sai wuƙa, kuma a nan abu biyu ne, tsayinta da kaifinta. Dole bakin wuƙa ya zauna daidai da tsakiyar ƙarfen da ke juyawa. In ya yi sama, ƙirjin wuƙar ne zai riƙa goga maimakon baki ya yanka. In ya yi ƙasa, ƙarfen zai nemi hawa kanta, kuma in aka share fuskar sanda za a ga 'yar cibiya ta rage a tsakiya. A maƙale siririyar rula ta ƙarfe tsakanin bakin wuƙa da sanda, inji na kashe: in kan rular ya karkata can baya, wuƙa ta yi sama, in ya karkato wajenku, ta yi ƙasa. Batun kaifi kuwa shi ne inda ake ja-in-ja. Akwai ƙarfen wuƙa mai jure zafi wanda Frederick Taylor da Maunsel White suka gano dabarar gasa shi a Amurka, suka nuna wa duniya a baje kolin Faris na 1900 yana yanka alhali bakinsa ya yi ja. Wannan ƙarfen, mai aiki ne ke wasa shi da kansa a dutsen washi, ya ba shi 'yar rara ta kamar digiri 8 zuwa 10 a gaba da gefe don kada ya goga. Akwai kuma haƙoran kabayid da kamfanin Krupp na Jamus ya fara sayarwa a ƙarshen shekarun 1920, waɗanda yau ake ɗaurawa da sukuru, in baki ya mutu a juya wani. Masu goyon bayan kabayid suna cewa washi ɓata lokaci ne tunda ga abin da ya zo a shirye, kuma a babbar masana'anta maganarsu daidai ce. Sai dai yawancin haƙoran kabayid an yi su ne don inji mai nauyi da ƙarfin mota, bakinsu a ɗan dakushe yake da gangan don ya jure babban yanka, suna kuma son gudu ninki biyu ko uku na ƙarfen wuƙa. Ƙaramin inji mai kilo 40 ko 50 ba shi da ƙirjin da zai tura su, sai ya kama karkarwa yana barin zane a jikin aiki, haƙorin kuma ya gutsire. Na yarda akwai irin masu kaifi da sheƙi da aka yi don alminiyam, kuma suna aiki da kyau a ƙaramin inji. Duk da haka wanda ya wasa wuƙarsa ya san dalilin da ya sa take yanka, ranar da aiki ya ƙi kyau zai duba baki ya gane. Wanda bai taɓa wasawa ba sai dai ya sayi wani haƙori ya yi fata.

Gudu shi ma lissafi ne, kuma lissafin bai fi ƙarfin kowa a ajin nan ba. Abin da wuƙa ta damu da shi shi ne tsawon fatar ƙarfe da ke wucewa ta bakinta a minti guda. Ga ƙarfe mai taushi da wuƙar da aka wasa, kimanin mita 30 ne a minti. Alminiyam yana ɗaukar ninki uku na haka ko fiye, tagulla tana tsakaninsu, ƙarfen zubi kuma yana ƙasa da su duka. Don sanin juyi nawa za a sa, a ninka mitocin da 320 a raba da kaurin sanda a milimita. Sanda mai kauri 25 tana son juyi kamar 380 a minti, mai 50 tana son 190, mai 10 kuma tana neman 960. Wato in kauri ya ninka, juyi ya rabu biyu. Taylor ya shafe shekara 26 yana gwaje-gwajen yankan ƙarfe kafin ya gabatar da sakamakonsa a 1906, kuma abin da ya fi fitowa fili a ciki shi ne, babu abin da ke kashe bakin wuƙa da wuri kamar wuce ƙa'idar gudu. Ɓarɓashi ma yana faɗa: in ya fara fitowa shuɗi daga wuƙar da aka wasa, zafi ya yi yawa, a rage. Haka nan kada sanda ta fito daga mariƙi fiye da ninki uku na kaurinta a yankan gaske sai da matokari, domin lanƙwasar sanda ba ta tafiya daidai da tsawonta. In tsawo ya ninka biyu, lanƙwasa ninki takwas take yi.

Yanzu ga ƙorafin da na fi ji da shi, saboda daga hankali yake fitowa. Mai sha'awa zai ce shi ba jirgin sama zai ƙera ba, 'yan maɓallai ne da madafai da gyaran abin gida, ina ruwansa da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita? Amsar tana cikin abin gidan da zai gyara. Ɗauki boris mai lamba 6204, irin wanda ake samu a injuna da motocin lantarki da yawa. Raminsa milimita 20 ne. Sandar da za ta zauna a ciki, in ta zama 19.90 za ta riƙa wasa har ta cinye kanta, in ta zama 20.10 ba za ta shiga ba sai da guduma, gudumar kuma ta kashe boris ɗin. Tazarar da ke tsakanin aiki mai kyau da asara ba ta kai kaurin takarda ba. Saboda haka kuɗin da ya rage bayan sayen inji, kafin a kashe shi a kan tarin wuƙaƙe, a sayi ma'aunai biyu, baniya da maikiromita mai auna sifili zuwa 25, wanda kowane layinsa 0.01 ne. Sannan a koyi halayen injin guda uku. Na farko, in wuƙa ta shiga milimita 1, kauri milimita 2 ke raguwa, don kowane gefe ana ci. Wasu injunan lambobin da ke jikin mariƙin juyawarsu shigar wuƙa suke nunawa, wasu kuma raguwar kauri, kuma yanka ɗaya da awo ɗaya sun isa su nuna wanne ne naku. Na biyu, kowane zare yana da ɗan wasa, in aka juya baya lambobi za su motsa kafin wuƙa ta motsa, don haka kullum ta fuska ɗaya ake tunkarar lamba, in an wuce a koma baya sosai a sake tahowa. Na uku, zafi yana kumbura ƙarfe. Sanda mai kauri 50 da ta ɗumama da digiri 30 ta ƙaru da kusan layi biyu na maikiromita, alminiyam kuma kusan ninkin haka. Wanda ya auna da zafi zai dawo da safe ya tarar aikinsa ya rame.

Lissafin gudun nan da muka yi yana da wata fuska da ta shafi jikin mai aiki. Mita 30 a minti rabin mita ne a daƙiƙa guda, kuma da wannan gudun sanda za ta naɗe duk abin da ta kama. Hannun riga bai fi rabin mita da 'yan kai ba. Kafin mutum ya tuna inda makunni yake, an riga an ja shi. A watan Afrilun 2011 wata ɗaliba a Jami'ar Yale ta Amurka ta rasu bayan gashinta ya shiga irin wannan inji, da dare, tana aiki ita kaɗai. Ilimi bai yi mata ƙaranci ba, daƙiƙa ɗaya ce ta ƙwace mata. Don haka babbar riga da jamfa mai faɗin hannu da rawani da mayafi da carbi a wuya da zobe da agogo, duk a bakin ƙofa ake barinsu. Mata su ɗaure gashi da ɗankwali tamau ba tare da lelo ba. Safar hannu, wadda ke kare mai walda, a nan tarko ce. Tabarau na kariya kuwa ba a cire shi. Ɓarɓashi da buroshi ake share shi bayan inji ya tsaya, ba da yatsa ba, ba da tsumma ba. Makullin mariƙi kada hannu ya sake shi yana cikin raminsa ko da ƙiftawar ido, domin in aka kunna da shi a ciki jifa zai zama. Kafin kowace kunnawa a juya mariƙi da hannu zagaye ɗaya a ga bai bugi komai ba. Akwai kuma abin da ya shafi wutarmu. In aka ɗauke wuta ana tsakar yanka, makunni na zama a kunne, mutum ya sa hannu yana gyara, sai wuta ta dawo ba sallama. A tabbata injin yana da makunnin da ke sakin kansa in wuta ta yanke, in babu a sa masa. Allon lantarkin da ke sarrafa gudun ƙananan injuna ba ya jure hawa da saukar wuta, sitabilaiza ta fi sabon allo araha. Wanda ya sayo injin da aka yi don Amurka kuma ya duba farantinsa da kyau, domin wutar gida a can bolt 120 ce, tamu kuwa 230.

Za a iya nuna mini tsofaffin masu wannan sana'a a Panteka ta Kaduna ko a wuraren Ƙofar Ruwa a Kano, a ce ga mutane suna fitar da aiki ba lissafi ba takarda. Haka ne, kuma sun cancanci girmamawa. Amma abin da ake gani kamar rashin lissafi, lissafi ne da ya riga ya koma cikin kunne da yatsu. Shekarun da suka yi a gaban maigida suna share ɓarɓashi da wasa wuƙa suna kallo, su ne watan farkon nasu, sai dai nasu ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Mai sha'awa a gida ba shi da maigidan da zai daka masa tsawa in ya manta makulli, ma'auninsa da littafin rubutunsa su ne maigidansa. In ya sami hanyar zama kusa da ɗaya daga cikin waɗannan dattawa ko da yinin Asabar ne, ya je da ladabinsa, zai ga abin da darasi ba ya iya nunawa. Abu ɗaya kawai zan ja kunne a kai game da kasuwannin ƙarfe: kada a fara koyo da rodin gini ko tsohon shaf ɗin mota. Rodi ba shi da tabbas, wani wuri taushi wani wuri tauri, shaf kuma an gasa shi ya taurara. Ɗan koyo zai ɗora wa hannunsa laifin da na ƙarfe ne. Alminiyam da ƙarfe mai taushi su ne allon farko. Lokacin hunturu kuma a rufe inji da zane kullum bayan aiki, don ƙura in ta haɗu da mai ta zama abin guga.

Saura masu tsoron kada sha'awa ta mutu kafin wata ya cika. Sauri kan haifi nawa, kuma abin da ya fi kashe sha'awa shi ne mutum ya ɓata ƙarfe biyar a jere bai san dalili ba. Ban kuma ce a yi wata guda ba a yanka komai ba. Tun daga mako na biyu ana yanka, sai dai abin da ake nema a yankan lamba ce. Ga aikinku kafin haɗuwa ta gaba. Ku sami sandar alminiyam mai kauri 25 da tsawon kamar 80, ku share fuskarta har cibiya ta ɓace, sannan ku yi mata matakala uku, 22 da 20 da 18, kowace mai tsawon milimita 15, ba tare da kun kwance ta daga mariƙi ba har ku gama. Ku bari ta huce, ku auna kowace matakala sau uku, ku rubuta abin da kuka nufa da abin da kuka samu da juyin da kuka sa. Wanda ya wuce lamba kada ya jefar da sandar, ya zo da ita aji tare da littafinsa, da ita za mu fara darasi na takwas.